Yadda Ake Kai Asibitin Tafi-da-Gidanka Ƙauyuka da Rugage Masu Nisa

A arewacin Najeriya akwai ƙauyuka da rugage masu ɗimbin yawa da mai ciki sai ta yi tafiyar awa biyu ko uku a ƙafa kafin ta sami wanda zai auna mata jini. Da damina kuwa, in rafi ya kawo, ko ɗan acaɓa ba ya yarda ya shiga. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2023 ya nuna yara sama da miliyan 2 a Najeriya ba a yi musu ko ta farko cikin allurar penta ba, wato rigakafin da ke kare yaro daga cututtuka biyar, kuma da yawansu a irin waɗannan wurare suke. Su ake kai wa asibitin tafi-da-gidanka: ma'aikatan lafiya su ɗauki rigakafi da magani da kayan awo, su je su iske mutane a inda suke zaune.

Bayanin nan na ma'aikatan asibitin matakin farko ne, da 'yan kwamitin ci gaban mazaɓa, da ƙungiyoyin sa-kai da ke son yin aikin yadda zai amfani jama'a. Abin da na fi so mai karatu ya riƙe tun yanzu shi ne, zuwa ɗaya ba ya wadatarwa. Allurar penta sau uku ake yin ta, tsakanin kowace da 'yar uwarta mako huɗu. Awon ciki wata-wata ne. Mai hawan jini in maganinsa ya ƙare ba wanda ya sake duba shi, ya koma gidan jiya. Saboda haka in kuɗinku da motarku na zuwa ƙauye goma ne sau ɗaya, ku rage ku zaɓi uku, ku je musu sau uku ko fiye.

Mataki na farko: ku jingina da asibitin da ke da alhakin yankin

Kowace mazaɓa tana da asibitin matakin farko da ƙauyukanta ke ƙarƙashinsa. Ku fara da incajin wannan asibiti, sannan shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma da jami'in rigakafinta. Daga wurinsu rigakafi ke fitowa, kyauta, kuma cikin rajistarsu sunayen yaran za su shiga. Ƙungiyar da ta tsallake su ta shiga ƙauye kai tsaye, ko da niyyarta mai kyau ce, za ta bar yaran da ba wanda ya san an fara musu allura balle a ƙarasa. Ku nemi izini a rubuce, ku kuma nemi a haɗa ku da ma'aikaci ɗaya na asibitin da zai riƙa bin ku duk fita.

Mataki na biyu: ku zana yankin, ku ƙidaya mutanensa

Ku sami babbar takarda, ku zauna da mutanen da suka san dajin: ɗan acaɓa, malamin gona, mai tallan magani, ma'aikatan rigakafin shan-inna da suka saba bin gida-gida. Ku sa asibiti a tsakiya, ku zana kowane ƙauye da tunga da ruga, da rafin da ke tsakani, da hanyar rani da ta damina. Duk wurin da ya wuce tafiyar awa ɗaya a ƙafa, wato kimanin kilomita 5, ya cancanci a kai masa. Kada ku dogara da tsohon jerin sunayen ƙauyuka kaɗai. 'Yan gudun hijira da suka sauka a bayan gari, da masu haƙar ma'adinai, da masunta a tsibiran kogi, da makiyayan da suka zo cin rani, yawanci ba sa cikin kowane jeri.

Ga lissafin da ake amfani da shi wajen tsara rigakafi a Najeriya: cikin mutum 100, ana ɗauka 4 jarirai ne 'yan ƙasa da shekara ɗaya, 20 yara 'yan ƙasa da shekara biyar, 5 masu ciki a shekara. Ƙauye mai mutum 1,000 ke nan yana da jarirai kamar 40, ƙananan yara 200, da masu ciki 50 a shekara. Amma a zuwan farko ku ɗebi kaya fiye da lissafi, don za ku tarar da yaran da suka shekara biyu ko uku ba a taɓa yi musu komai ba.

Mataki na uku: ku je gaisuwa kafin ku je aiki

Nan aikin yake tsayuwa ko ya rushe, kuma nan aka fi yin garaje. Mako ɗaya ko biyu kafin ranar, mutum biyu daga cikinku su je ba tare da ko ƙwayar magani ba. A fara da hakimi, ya haɗa ku da dagaci, dagaci ya haɗa ku da mai unguwa. A ruga kuwa arɗo ne ƙofar shiga, kuma ya kyautu ku tafi da mai jin Fulatanci. Bayan gaisuwa ta zauna, sai babbanku ya ce wani abu kamar haka: "Ranka ya daɗe, daga asibitin mazaɓa muke. Mun ga nisa na hana iyalanku zuwa, shi ne muka ce mu mu riƙa zuwa duk wata. Awon ciki za mu yi, da rigakafin yara, da gwajin zazzaɓi, ba a biyan ko kwabo. Mun zo ne ka zaɓa mana rana da wurin da ya dace." Daga nan ku yi shiru ku saurara.

Za a yi muku tambayoyi masu nauyi, kuma masu yin su ba jahilai ba ne. Mutanen arewa ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma shakkun da suka sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003 har yau suna yawo a wasu wurare. Akwai kuma tambayar da na fi ganin tana da hujja: "Don me kullum ɗigon shan-inna kuke kawowa kyauta, amma in yaro na zazzaɓi sai mun saya?" Amsar wannan ba a baki take ba, a cikin jakar da za ku zo da ita take. Darasin da aka koya ke nan a shirin kai lafiya wurare masu wuyar shiga da aka fara a 2014 a jihohi irin su Borno, Yobe, Bauchi, Kano, Katsina da Kaduna: da aka haɗa rigakafi da maganin zazzaɓi da na gudawa da awon ciki, sai ƙofofi suka buɗe. A watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji, kuma sarakuna da malamai na da babban rabo a wannan nasara.

Bayan masu sarauta, ku ga liman, ku roƙe shi ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a. Ku ga ungozoma da wanzami, don su ne suka san gidan da aka haihu jiya, kuma in suka ji an raina su za su iya hana ku rabin gari. Ku ga magidanta a majalisarsu, domin macen da ke kulle ba za ta fito ba sai da izinin maigida. Mai shela ya zaga da yamma ana gobe za ku zo.

Batun rana da lokaci, ku bar wa mutanen garin. Ranar kasuwa ba ta yi, haka ranar suna ko ɗaurin aure a babban gida. Da damina kowa na gona da safe. A ruga, mata na fita tallan nono da hantsi, ba sa dawowa sai yamma, don haka ko ku yi sammako ku iske su ana tatsa, ko ku dace da dawowarsu. In kuna iya haɗa fitarku da ta malaman dabbobi, ku haɗa. A Chadi an gwada yin rigakafin yara da mata tare da na shanu a rana ɗaya tun wajen shekarar 2000, aka ga makiyaya sun fi fitowa.

Mataki na huɗu: wa da wa za su tafi

Mutum biyar sun isa: nas ko ungozomar asibiti, ma'aikacin lafiyar al'umma mai yin allura, mai rubutu, mai wayar da kai wanda ɗan yankin ne, da direba. Dole a sami mace aƙalla ɗaya, biyu sun fi. Gidan da aka rubuta "ba shiga" mace ce kawai za ta shiga, kuma mai ciki ba za ta buɗe cikinta gaban namiji baƙo ba. Kowa ya tsaya iyakar abin da aka horar da shi. Wanda ba a koya wa yin allura ba kada ya yi, komai yawan layi.

Mataki na biyar: haɗa kaya, musamman kular rigakafi

Rigakafi na son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kowa ya san zafi na lalata shi, abin da ba a cika sani ba shi ne daskarewa ma na kashe wasu. Penta, da na ciwon haƙarƙari, da na ciwon hanta, da na sarƙe-haƙora da ake yi wa mata, da allurar shan-inna, duk in suka daskare sun tashi aiki, alhali a ido ba za ka ga komai ba. Don haka idan kun fito da robobin ƙanƙara daga firji, kada ku jefa su cikin kula nan take. Ku jera su a kan tebur har su fara gumi, ku ɗauki ɗaya ku kaɗa kusa da kunne. In kun ji ruwa na motsi a ciki, ta yi. Ku goge su, ku jera huɗu a jikin bangon kular, ku sa kwalaben cikin leda a tsakiya, ku ɗora soson da ke zuwa tare da kular, ku rufe.

Kowace kwalba ku duba ta kafin ta shiga kula. Akwai ɗan da'ira a jikin takardarta ko a murfi, da murabba'i a tsakiya. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske, maganin na da kyau. In launinsu ya zo ɗaya, ko murabba'in ya fi duhu, a ware ta, ko da ranar ƙarewarta ba ta zo ba. BCG, wato rigakafin tarin fuka, da na ƙyanda da na shawara gari ne, sai an haɗa su da ruwansu, kuma kowane da nasa ruwan na kamfani ɗaya, ba a aro. Da zarar an haɗa, awa shida ke gare shi, ko zuwa tashi daga aiki, duk wanda ya riga. Ku rubuta lokacin haɗawa a jikin kwalbar. Ragowar ba ta komawa gida don gobe.

Wani abu da ke ci mini rai: a ƙi buɗe kwalbar ƙyanda don yara biyu kawai suka zo, a ce wa uwa ta dawo wani watan. Ƙa'ida ita ce a buɗe ko don yaro ɗaya ne. Asarar ragowar kwalba ba ta kai asarar yaron da ƙyanda za ta kama kafin ku dawo ba.

Sauran kaya kuwa: sirinji mai kulle kansa bayan amfani ɗaya, kwalin zuba allurai, auduga, safar hannu, sabulu da jarkar ruwa, allurar adirenalin don ko-ta-kwana, abin gwajin zazzaɓin cizon sauro da maganinsa na ACT, gishirin ORS da zinc, amoksisilin na yara mai narkewa, farasitamol, bitamin A, maganin tsutsar ciki, maganin ƙarin jini da SP mai kare masu ciki daga zazzaɓin cizon sauro, man kuloheksidin na cibiya, gidan sauro in an samu, abin awon hawan jini, ma'aunin zafin jiki, sikeli, tef ɗin awon dantse, katunan yara da na masu ciki, rajista, da takardun tura mara lafiya. Kowane magani a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewarsa. A haɗa komai ana gobe, kular kawai ake bari sai da asuba.

Mataki na shida: ranar aiki

Ku isa a lokacin da kuka faɗa. Ku fara biyawa ta ƙofar mai gari ku gaisa, sannan ku wuce wurin da ya ba ku, ko makarantar firamare ce, ko zauren gidansa, ko gindin babbar bishiya. Kula ta zauna a inuwa, a rufe, kwalbar da ake aiki da ita a cikin tsagar soson. A keɓe ɗaki ko a kewaye wuri da zana don awon ciki. Hanyar shiga daban, ta fita daban, in ba haka ba za ku rasa wanda aka gama da wanda ba a fara ba.

Kafin a rubuta sunan kowa, ɗaya daga cikinku ya zaga cikin taron yana duba fuskokin yara. Yaron da ya fi kowa jin jiki sau da yawa ba ya kuka, yana goye a bayan uwar da ta raɓe can ƙarshe. Alamu huɗu ake nema: ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Mai ɗaya daga cikin waɗannan ba ya bin layi.

Wajen rubutu akwai abin lura. Uwar ɗan fari ba za ta faɗi sunan ɗanta ba saboda kunya, wani lokaci ma kakarsa ce za ta kawo shi. Kada ku matsa mata, ku tambayi ta kusa da ita. A gari ɗaya za ku sami Fatima goma da Muhammadu ashirin, don haka ku rubuta sunan uba, da laƙabin da ake kiran yaron, da sunan mai gidan. Shekaru kuma da abin da aka sani ake ƙiyasta su: "Inna, da azumi aka haife shi ko bayan Babbar Sallah? An yanke gero ko ba a yanke ba?"

Jadawalin rigakafi yana jikin katin yaro: ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, wata 9, da wata 15. Penta ita ce mai kare yaro daga cututtuka biyar, ciki har da tarin lala da mashaƙo, wanda ya yi ɓarna a Kano da maƙwabtanta a 2023, kuma yawancin waɗanda ya kama yaran da ba su da cikakken rigakafi ne. Yaron da ya fara allura aka yi watanni ba a ci gaba ba, ba a sake masa daga farko, daga inda ya tsaya ake ɗorawa. In babu kati, a duba tabon BCG a dantse, a tambayi uwa sau nawa aka yi masa a cinya. Mura ko ɗan zazzaɓi mara tsanani ba ya hana allura. 'Yan mata masu shekara 9 kuma akwai rigakafin sankarar bakin mahaifa da Najeriya ta fara a watan Oktoban 2023.

Kada uwa ta tashi sai an gaya mata abu uku da bakin da za ta fahimta: abin da aka yi wa ɗanta, abin da zai iya biyowa baya, da ranar dawowa. "Yaya, yau da dare jikinsa zai iya yin zafi, cinyar ta ɗan kumbura. Alamar maganin na aiki ce. Ki ba shi nono sosai, ki ba shi wannan farasitamol ɗin yadda na nuna miki. Wurin allurar dantse zai yi ɗan ƙurji bayan makonni, kada a matse, kada a shafa komai." Uwar da aka gaya wa haka, in zazzaɓin ya zo sai ta ce ai an faɗa mini. Wadda ba a gaya wa ba, ita da maƙwabtanta ba za ku sake ganinsu ba. A bar su su zauna kusa na kamar rabin awa kafin su tafi.

Duk yaro daga wata 6 zuwa shekara 5 a auna masa tsakiyar dantsen hagu da tef mai launi uku. Kore lafiya lau. Rawaya, tsakanin santimita 11.5 da 12.5, tamowa ta fara kama shi. Ja, ƙasa da 11.5, tamowa mai tsanani ce. A kuma danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. In wurin ya lotsa bai taso ba a duka biyun, kumburin tamowa ne ko da yaron ya yi kama da mai ƙiba. Mai ja da mai kumburi cibiyar kula da tamowa za a tura su. Abincin tamowa na leda da ake yi da gyaɗa magani ne, a jaddada wa iyaye cewa na yaron ne shi kaɗai. Bitamin A duk wata shida ake bayarwa, shuɗin ƙwanso ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja ga wanda ya shekara. Maganin tsutsa daga shekara ɗaya.

Mai zazzaɓi a gwada shi tukuna, a jira mintunan da aka rubuta a jikin kwalin gwajin. In ya nuna, a ba da ACT, a sa ya sha na farko a gabanku, a bayyana cewa kwana uku ne cur ko da jiki ya yi sanyi a rana ta biyu. Mai tari a ɗaga rigarsa a ƙirga numfashinsa minti ɗaya cikakke yana kwance lafiya ba ya kuka. Ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ciwon haƙarƙari ne, amoksisilin yake buƙata. Mai gudawa ORS da zinc na kwana 10 zuwa 14, kuma a haɗa ORS ɗin a gaban uwar da kwanon da take da irinsa a gida, gwargwadon ruwan da aka rubuta a ledar.

A ɗakin mata, a auna hawan jini ga kowace mai ciki. Daga 140 bisa 90 zuwa sama abin tura wa asibiti ne, balle in da ciwon kai ko kumburin fuska ko gani dishi-dishi, don waɗannan ne ke gabatar jijjiga. A duba cikin fatar ido don ƙarancin jini. A ba da maganin ƙarin jini, a yi allurar sarƙe-haƙora, a ba da SP ta haɗiye a nan take in ciki ya wuce wata uku, sannan duk wata har haihuwa. A ba ta man cibiya, a ce shi kaɗai za a shafa, ban da toka, ban da man goge baki, ban da gashi da tsumma. Ku tambayi mai cikin fari inda za ta haihu, don da yawa gidan iyayensu suke tafiya goyon ciki, sai ku rubuta garin. Maganar tazarar haihuwa a nan ake yin ta, cikin sirri, ga wadda ta nuna tana so. A nan ne kuma wata za ta iya raɗa muku cewa tun haihuwarta fitsari ke zubo mata. Ku gaya mata ana gyarawa, akwai cibiyoyin aikin yoyon fitsari irin ta Babbar Ruga a Katsina da ta Jahun a Jigawa.

Manya maza da tsofaffi a auna musu jini, da suga in akwai abin gwaji. Mai tarin da ya wuce mako biyu a haɗa shi da cibiyar tarin fuka, gwaji da magani kyauta ne. Kafin ku naɗe tabarma ku tambayi mai unguwa ko akwai wanda ya kasa fitowa: tsohon da ke kwance, mai jego, mai lalurar ƙafa, ko mai taɓin hankali da aka ɗaure a ɗaki. Mutum biyu su bi su gida.

Mataki na bakwai: wanda ya fi ƙarfinku

Wannan shiri tun kafin fita ake yin sa. Ku san asibitin da za ku tura, ku riƙe lambar wani a can, ku san motar da za ta ɗauka. A jihohi da dama na arewa an horar da direbobin ƙungiyar NURTW kan ɗaukar mata masu naƙuda cikin gaggawa, a Jigawa kuma akwai shirin Haihuwa Lafiya. Ku bincika ko akwai irin wannan direba a yankin, ku ba wa mai gari da ungozoma lambarsa. Inda babu, ku zauna da mutanen gari su kafa ɗan asusun gaggawa, ko na hatsi ne a lokacin kaka, su kuma tsayar da mai mota ko mai babur ɗaya da za a iya tasa da tsakar dare.

Cewa "ku kai shi babban asibiti" kawai ba turawa ba ce. A rubuta takarda mai ɗauke da abin da aka gani da abin da aka bayar da lokacin. A yi magana da maigidan ido da ido, don shi ke yanke hukunci kuma shi zai nemo kuɗin. Yaro ɗan ƙasa da shekara 6 mai zazzaɓi mai tsanani a sa masa atesunet na dubura, maganin zazzaɓin cizon sauro, kafin a kama hanya, in an horar da ku a kai. Mace mai zubar jini ta tafi da 'yan uwa biyu da za su iya ba da jini. In hali ya yi tsanani, motarku ta ɗauka, sauran aiki ya jira.

Yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, ko yara da yawa masu ƙyanda, ko manya masu amai da gudawa a unguwa ɗaya, ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya, duk a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar.

Mataki na takwas: tashi

Allurar da aka yi amfani da ita ba a mayar mata da murfi, kai tsaye cikin kwali take shiga, kuma in kwalin ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe shi. Ku tafi da shi asibiti a ƙona inda aka tanada. Ku tsince wurin tsaf, don yara za su zo wasa da zarar kun juya baya. A ƙirga kwalaben da aka buɗe a gwada da yawan yaran da aka rubuta. Ku koma ku yi sallama da mai gari, ku gaya masa yara nawa aka yi wa allura, mutum nawa aka tura, sannan ku tsayar da ranar dawowa a gaban jama'a yadda za ta zauna a ka: "Talata huɗu masu zuwa, in Allah ya kai mu, washegarin kasuwa."

Ku kama hanya da rana a sama. A yankunan da ke fama da 'yan bindiga, kada a yi shelar ranar zuwanku a rediyo, a bar ta tsakanin mai gari da mutanensa. Da safe kafin ku fito ku kira wani amintacce a garin, in ya ce yau ba ta yi ba, to ba ta yi ba. An kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano a watan Fabrairun 2013, don haka maganar tsaro ba ta wasa ba ce. In tilas ta sa kun fasa, ku aika da saƙo a ranar tare da sabuwar rana, kada mata su wuni a rana da goyo suna jiranku.

Mataki na tara: tsakanin zuwa da zuwa

Washegari a shigar da komai cikin rajistar asibitin mazaɓa. A fitar da jeri biyu: yaran da allurarsu ta gaba ta kama wata mai zuwa, da mutanen da aka tura. A ba wa mai wayar da kai na garin jerin farko, shi ko ita za su bi gida-gida ana jibi za ku dawo. Na biyun kuma a bi shi da waya cikin kwana biyu, a ji ko sun je. In ba su je ba a ji dalili, yawanci kuɗin mota ne ko maigida ba ya nan, kuma duka biyun ana iya warware su in an sani da wuri.

Kuɗin mai da na ƙanƙara da ɗan abin hannun ma'aikata a ware na wata shida tun kafin fitar farko. Asibitocin da ke karɓar kuɗin Asusun Kula da Lafiya Matakin Farko, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa, suna iya sa fita ƙauye cikin tsarin kashe kuɗinsu, kuma 'yan kwamitin mazaɓa na da bakin magana a kan haka.

A zuwa na uku ku gwada yawan yaran da suka karɓi penta ta farko da waɗanda suka kai ta uku. In cikin goma fiye da ɗaya ya ɓace a hanya, akwai matsala, sai ku koma wurin ungozoma da matan garin ku tambaye su. Wani lokaci ranar ce ba ta dace ba, wani lokaci wani yaro ne ya yi zazzaɓi ba a yi bayani ba, wani lokaci kuma rugar ce ta tashi. In tashi ta yi, ku tambayi arɗo inda suka dosa, ku kira asibitin da ke can ku ba su sunayen yaran da allurar da ta rage wa kowane.